Marsandin Baffa Sharu Ba Ta Jin Jamusanci

Kai ma ka gan ta, kada ka ce ba ka gani ba. Ka shiga motar haya daga Daura za ka Zango, an matse ku a gaba kai da wani mai teɓa, idonka ya faɗa kan 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke ci a gaban direba. Ka san ba ado ba ce. Ka san inji ne ke faɗin ba shi da lafiya. Me ka yi? Ka kau da kai, ka ƙura wa gonakin gero ido ta taga, ka ce Allah ya kai mu lafiya. Direba ya ce amin, ya ƙara wuta. To gyara zama ka ji abin da irin wannan kau da kai naku ya ja wa Lubna, ranar da ta kai na'urarta tasha.

Lubna 'yar Malam Ma'u tela ce, a cikin gari. Ta yi karatun lantarkin mota a kwalejin fasaha, ta dawo gida da takardar shaida da wata na'ura mai girman allon karatu, wadda mutane ke ce wa kwamfutar mota. Aikin na'urar ba wani sihiri ba ne. Akwai soket a ƙarƙashin sitiyari, sai a soka mata waya a nan, ƙwaƙwalwar mota ta zayyana mata duk inda ke yi wa inji ciwo. Abin da Lubna ke nema bai taka kara ya karya ba: teburi ɗaya a inuwar darbejiyar da ke bakin tasha, inda direbobi za su riƙa tsayawa ta duba musu motoci kafin su kwashi rayukan mutane su hau titi. Ta gaji da zama a zauren gidansu tana goge ƙura a na'urar, maƙwabta suna leƙowa suna tambayarta ko tana kama tashoshin fim.

Sai dai inuwar darbejiyar nan tana da mai ita. Shugaban direbobin tashar shi ne Sharu Hussaini, yayan mahaifinta, mutumin da ko tari ya yi sai an ce masa gaskiya ne. Da ta kai masa buƙatarta, ya shafi gemu ya ce shi ba ya hana yaro neman halak ɗinsa, amma ba a sayen kifi a cikin ruwa. Ta zo tasha, ta gwada abin a kan motarsa a gaban kowa. In na'ura ta yi magana da mota, teburi nata ne. In ba ta yi ba, kada ya sake ganin ta da allon nan a bakin tasha.

Lubna da rawar kai irin ta wanda ya fito makaranta jiya, sai ta ce, "Baffa, ai ko bonet ba sai an buɗe ba. Daga kujerar direba zan faɗa maka komai."

Idon Sharu ya yi wal. "Kin tabbata, 'yar nan? Ba za a buɗe ba?"

"Ba za a buɗe ba."

"To madalla. Magana zarar bunu ce."

Motar Sharu kuwa ba a ɓoye take ba a ƙasar Daura. Marsandi ce baƙa, mai tauraro a hanci, ta shigo ta iyakar Kwangwalam shekarun baya. Kowane direba ya haddace tarihinta kamar yadda mai ita ke bayarwa: wata tsohuwar Baturiya ce ke hawan ta, daga gida sai kasuwa, kuma tun da Bajamushe ya ɗaure kusoshinta babu bakaniken da ya taɓa sa mata sifana a ciki.

Ranar gwaji, bayan azahar, aka tura Marsandi gindin darbejiya. Aka ajiye wa Sharu kujerar roba. Direbobin Zango da na Mashi suka bar lodi suka kewaye, mai rake ya turo baronsa, mai shayi ya bar tukunya a wuta. Lubna ta gyara hijabinta, ta shiga mazaunin direba, ta laluba ƙarƙashin sitiyari, ta sami soket ta soka waya.

Shiru. Fuskar na'ura baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya.

Ta zare ta sake sokawa. Ta hura soket ɗin. Babu ko ƙyaftawa.

Wani daga baya ya ce, "Injiniya, ko babu kati a ciki?"

Wani ya ce, "A'a, kunya take ji. Ta ga maza da yawa."

Aka kwashe da dariya. Lubna ta ji zufa na gangaro mata ta bayan kunne, amma ta san darasinta. Wannan na'urar daga jikin mota take shan wuta, ta cikin soket ɗin. In ba ta kama ba, to soket ɗin ne ba wuta. Kuma a motoci da dama, fis ɗaya ne ke ciyar da soket ɗin da kuma ramin nan na kunna sigari. Ta duba ramin. An toshe shi da tsumma, an liƙe da baƙin salatif.

Ta leƙo ta taga ta kira direban Sharu, wani dattijo siriri mai jajayen haƙora da ake kira Mati. "Baba Mati, me ya sami abin kunna sigari?"

Mati ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Sharu ne ya amsa daga kujera, da ƙarfi don kowa ya ji. "Ni na sa aka kashe shi. Motar da nake zuwa masallacin Juma'a da ita, a ce tana ɗauke da murhun taba? Na kama wani yana kunnawa," ya harari Mati, "na kira mai gyaran wayoyin mota na ce ya zare masa rai."

"Allah ya ƙara wa Shugaba imani," in ji taron.

Mati ya ce amin, yana danna kwalin ashanar da ke aljihunsa don kada ya yi ƙara.

"Baffa, ai da kuka zare masa rai kun haɗa da bakin da motar ke magana da shi. Fis ɗinsu ɗaya. Sai an mayar."

"In mayar da taba a motata?"

"Tsumman yana nan, Baffa. Fis kawai za a sa."

Sharu ya yi nazari, ya ga babu laifin shari'a a fis, ya ɗaga hannu. Mati ya ce, "Bari in kira Uzoma, ai duk wani abin motar nan a wurinsa muke saye."

Uzoma mai sayar da kayan gyara ne a tsallaken titi. A Daura aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, kuma ya fi wasu 'yan gari sanin wanda ake gaisarwa a durƙushe. Ya zo da fis a tafin hannu, ya rusuna wa Sharu ya ce ranka ya daɗe, ya miƙa wa Lubna. Ta buɗe akwatin fis na gefen dashbod ta dasa. Nan take fuskar na'ura ta haskaka, ta yi ɗan kuka kamar tsako.

Taro ya ce, "Kai!" Mai rake ya daina fiƙa.

Lubna ta saki numfashi. Na'ura ta tambaye ta wace irin mota ce. Ta zaɓi Marsandi, ta tambayi Baffa shekarar ƙira, ya faɗa, ta danna. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar na'ura, ya juya, ya juya, sai rubutu ya fito: ba a sami ƙwaƙwalwar mota ba.

Ta sake. Amsa ɗaya. Ta ce ko Baffa ya yi kuskuren shekara, ta gwada ta gaba, ta gwada ta baya. Ta kashe mota ta kunna. Ta haska soket da fitilar wayarta, ta ga ɗaya daga cikin 'yan ƙarafunan ciki ya ɗan lanƙwashe, ta zare allurar ɗankwali ta miƙar da shi. Ta canza waya da wata da ke cikin jaka. Ta nemi Mati ya ba mota wuta ko batir ne ya yi sanyi. Duk abin da malamanta suka koya mata ta yi, bi da bi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ɗan zoben nan ya ci gaba da juyawa yana dawo mata da maganarsa: ba a sami ƙwaƙwalwar mota ba.

Wani direban Mashi mai suna Sharfaddeen, wanda ya ɗan taɓa boko, ya leƙa ta kafaɗarta ya fassara wa jama'a. "Ta ce wai motar Shugaba ba ta da ƙwaƙwalwa."

"Subhanallahi!"

"Motar da ta je Agadas ta dawo?"

Sharu ya gyara babbar riga. "Ki yi a hankali, Injiniya, ba gaggawa. Motar Bajamushe ce, ba ta magana da kowa da kowa. Abin naki ina aka ƙera shi?"

"Sin, Baffa."

"To kin ji. Ai da sake."

Lubna ta cije leɓe. Ta san na'urarta ta karanta Marsandi a makaranta ba sau ɗaya ba. Ta ce, "Baffa, da za a ɗan ɗaga bonet in ga inda wayoyin suka bi..."

"A'a! Wa ya ce ba sai an buɗe ba? Ni ne?"

"Ni ce."

"To."

A nan ne ta lura da wani abu. Da aka ambaci bonet, dariya ta ɗauke ɗif kamar ruwan sama. Direbobin da ɗazu ke rige-rigen zolayarta, kowa ya sami abin kallo. Wannan yana duban takalminsa, wancan yana karanta bayan kwalin shayi, Mati ya duƙufa yana goge madubin da ba shi da datti. Uzoma kuwa ya ja da baya, yana kallon reshen darbejiya kamar yau aka dasa ta.

Ta bi shi da ido, idonta ya zarce tsallaken titi, ya sauka a kan allon shagonsa. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa kayan motocin Japan kaɗai ake sayarwa. Sai maganar Mati ta dawo mata: duk wani abin motar nan a wurinsa muke saye. Me direban Marsandi yake saye kullum a shagon kayan Japan?

Ta kasa kunne ga injin da ke aiki a gabanta. Ba gurnanin Marsandi ba ne. Wata siririyar murya ce da ta sani sarai, muryar rabin motocin hayar da ke tashar nan.

Ta kira Uzoma da hannu, ta rage murya. "Oga Uzoma, don Allah, wane inji ne a cikin motar nan?"

Uzoma ya yi murmushi, bai ko motsa leɓe sosai ba. "Ƙanwata, ni baƙo ne. Baƙo idonsa ke gani, bakinsa na cin tuwo."

"A Daura aka haife ka."

"Shi ya sa na san inda ake yin shiru." Ya ɗan sosa kunne. "Amma dai a shagona ban taɓa sayar da abin da ba na Toyota ba. Sai an jima."

Ka ji fa! Injin asali ya daɗe da bugawa, an sauke shi an ɗora na Toyota da ƙwaƙwalwarsa, mai gyaran waya ya jona ta da soket ɗin. Sharu ya sani, tunda shi ya sa aka yi. Mati ya sani. Uzoma ya sani. Mai shayi ma ya sani, don a gabansa aka sauke tsohon injin aka kai bayan tasha, inda awaki ke hawa kansa har yau. Mutum cike da fili, kowa ya sani, suka tsaya suna kallon yarinya tana jiƙa hijabi da zufa tana kiran Marsandi a cikin Toyota, babu wanda ya iya cewa uffan, wai don ba a ƙaryata babba. Wannan muke kira ladabi. Ni dai ban san sunan da zan ba shi ba a rubuce.

Ran Lubna ya tafasa. Maganar ta zo mata har baki: Baffa, motarka tauraro ne kawai ya rage mata. Ta san in ta faɗa, gaskiya ta faɗa, kuma ta san daga ranar ko inuwar darbejiyar nan ba za ta sake takawa ba. In kuma ta yi shiru ta naɗe wayarta, za a ce abin Sin ya kasa, a yi shekara ana ba da labari a teburin mai shayi. Ta dubi Sharu. Ya zauna ƙiƙam, yana jan carbi da sauri fiye da yadda ake ja, bai yarda sun haɗa ido ba.

Ta haɗiye abin da ta haɗiye, ta fito da kai ta taga.

"Baffa, na gano matsalar. Tun ɗazu na'urar Jamusanci take yi wa motar, ita kuwa ta ƙi amsawa. Ka san motocin nan suna yawo kafin su iso mu. Ka ba ni izini in gwada mata wani yaren."

Carbi ya tsaya. Sharu ya dube ta. "Wane yare?"

"Na gabas, Baffa. Can gabas sosai."

"Gwada."

Ta koma farko, ta wuce Marsandi, ta zaɓi abin da ya kamata a ce ta zaɓa tun ɗazu. Ɗan zobe bai gama zagaye ɗaya ba na'ura ta yi kuka, rubutu ya zubo layi-layi. Lambar juyin inji ta fito tana rawa. Lubna ta taka totur, lamba ta haura, ta saki, ta sauko. Ta ɗaga na'urar sama don kowa ya gani.

Tasha ta kaure da sowa. Sharfaddeen ya sake leƙowa, ya ƙanƙance ido a kan sunan da ke saman fuskar, ya fara haɗa baƙi da ƙarfi. "To... yo..."

Gwiwar hannun Mati ta same shi a haƙarƙari. Ya ƙarasa da tari.

Sharu ya miƙe, ya baza hannayen riga. "Kun gani? Ban faɗa muku motar nan ba sa'ar motocinku ba ce? Yare biyu take ji!"

"Allah ya ja zamanin Shugaba!"

"To, 'yar nan, me ta ce?"

Lubna ta karanta. Ta ce wayar abin da ke auna iskar da inji ke shaƙa a tsinke take, don haka ƙwaƙwalwa a makance take zuba mai, shi ya sa motar ke shan fetur kamar raƙumi a bakin rijiya.

Mati ya ɗaga hannu sama. "Allahu akbar! Ranka ya daɗe, ka ji ko? Kullum a ce Mati ne ke zuƙe tanki!"

"Rufe mana baki. Sai me kuma?"

"Ta ce sanyi take ji."

"Sanyi? A Daura? A watan nan da ƙwai ke dahuwa a aljihu?"

"An cire mata abin da ke daidaita zafin inji, Baffa, an haɗa fanka kai tsaye. Inji ba ya kaiwa zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi."

Direbobi suka dubi juna, don babu motar da ba a yi wa haka ba a tashar. Wani ya ce ai wannan abin na ƙasar ƙanƙara ne. Lubna ta buɗe baki za ta yi musu lacca, sai Sharfaddeen, da ya farfaɗo, ya nuna wani wuri a fuskar na'urar ya tambayi me wannan ke yi. Ta ce na gogewa ne, in an gama gyara a goge laifukan, fitilar gargaɗi ta mutu.

Kai, da ka ga yadda fuskokin nan suka washe! Duk bayanin iska da zafi ya bi ruwa. Ashe akwai abin da ke kashe fitila.

Sharu ya ce, "Goge."

"Baffa, ba a gyara ba. In na goge, ba za ta kai ƙofar tasha ba za ta dawo."

"Ke dai goge. Mu ga ƙarshen ilimi."

Ta goge. Fitila ta mutu. Aka yi tafi, mai rake ya miƙa mata sanda guda kyauta. Sharu ya shige gidan baya ya harɗe, ya ce Mati ya zaga da shi gari. Marsandi ta ja a hankali, jama'a na biye da ita kamar rakiyar maniyyaci. Ba ta ƙarasa rumfar 'yan kamasho ba aka ga jar wutar birki. Mati ya leƙo da kai, murya a sanyaye.

"Ranka ya daɗe, ta dawo."

Sharu ya fito, ya tako har gindin darbejiya, ya tsaya gaban Lubna. Kowa ya zuba ido. Sai ya juya ga taro ya daki ƙirji.

"Jinina ce! Ta ce za ta dawo, ta dawo. Ku kawo mata teburi. Ba wancan mai ƙafa uku ba, na ofis."

Ana cikin hayaniyar ɗauko teburi ya sunkuyo kusa da kunnenta. "Gobe da hantsi ki zo gida. Ta ƙofar baya, inda ba mutane. Ki taho da Uzoma da wayar nan ta iska." Ya ƙara da cewa, "Kuma maganar yare biyu, ta tsaya a yare biyu."

"To, Baffa."

Kafin la'asar layi ya kai bakin titi. Na farko a layi Sharfaddeen ne da tsohuwar motarsa ta Mashi, wadda ƙofarta ɗaya ja ce, sauran shuɗi. Lubna ta soka waya, ta ɗago ta dube shi.

"Malam Sharfaddeen, tsakaninka da Allah, wane inji ne a ciki?"

Ya dafa ƙirji. "Injiniya, yadda ta fito daga kamfani. Ko sifana..."

Lubna ta lumshe ido, ta yi salati, ta fara gwada yaruka ɗaya bayan ɗaya.

Ta sami teburinta, amma dubi da me ta saye shi: sai da ta yi wa ƙarya kwalliya kafin a bar ta ta faɗi gaskiya. Ba za ta iya yi wa kowace mota a ƙasar Daura wannan wahalar ba, kuma bai kamata ba. Don haka kai mai mota, tashi yanzu ka ɗaga bonet ɗinka da hannunka. Kira bakanikenka ka titsiye shi ya faɗa maka injin wace mota ce a ciki, ƙwaƙwalwar wace ce, wace waya ya yanke, me ya cire ya jefar. In ka je gaban mai na'ura, faɗa mata haka tun kafin ta soka waya, da ƙarfi, ko da Shugaba na zaune a wurin.